Kunnen Mai Gyaran Sifika

Idan babbar sifikar nan mai fitar da amon ganga, wadda samari ke kira wufa, ta fara gurnani a gidan kallon ƙwallo a Ƙanƙara ko a wajen biki a Faskari, nan take mai ita zai ce ta ƙone. Gwanin gyara kuwa ko sukudireba ba ya ɗauka sai ya kasa kunne.

Yakan fara da zare wayar da ke kawo sauti. In gurnanin ya ɗauke, laifin na wayar ne ko na'urar da aka jona, sifika lafiyarta ƙalau. In ya ci gaba, ko an ƙara murya ko an rage yana nan daram, to daga wuta ne. Lantarkin Najeriya yana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, manyan kafasita ne ke tace wannan kaɗawa. Da zarar zafi da hawa-da-saukar wutar janareto sun kumbura su, sai ƙugin ya fito fili.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen karce. Sai ya kashe komai, ya baje yatsunsa a kan takardar sifikar, ya danna a hankali, ba tare da wani gefe ya fi wani nauyi ba. Kwail, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, yana shawagi ne a wani siririn rami a cikin maganaɗisu. In zafi ya karkatar da shi, ko ƙurar hunturu ta kutsa, yatsa zai ji gurzar kamar tsakuwa a shinkafa, tun kafin ido ya ga komai. Daga nan ya ɗauko batirin tocila ya taɓa wayoyin sifikar biyu. In takardar ta yi tsalle, kwail bai tsinke ba. Mita ma za ta faɗa: sifika mai om 8 takan nuna wajen 6.

Sau da yawa kuma, abin dariya, ƙusa ce ta kwance ko katakon akwatin ya saki, sai ya riƙa kakkarwa duk sanda ganga ta buga.

Wanda ya ɗauro akwati a bayan babur daga Sabuwa ya san amfanin wannan haƙuri, don sabon kwail ko takarda sai an aika Funtua, wani lokaci har kasuwar Sabon Gari a Kano. Sai ka ji mai gyaran ya ce, "Alhaji, ba sai an je ko'ina ba," ya ɗaure ƙusa huɗu, ya shafa gam, ya ce a kunna.