Kujera Aro Ce, Hali Kuwa Naka Ne

Jama'ar Sabo, akwai wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare a wajen 'yan'uwanmu da Allah ya ɗora a kan muƙami, na gwamnati ne, na jam'iyya ko na ƙungiyar kasuwa. Jiya muna shan shayi a benci ɗaya, yau an ba mutum kujera, gaisuwa ma sai da ɗan aike. Dattijo sa'an ubansa zai zo da maganar rumfa, a bar shi tsaye tun hantsi har azahar, sannan a ce masa, "Baba, oga ya fita."

Ciwon ba sabo ba ne. Fiye da shekara 500 da suka wuce, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, ya ja masa kunne ƙwarai kada ya ɓuya wa talakawansa. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, amma har gobe ana tuna yadda talaka ke shiga gidansa na Gwammaja ba shamaki. Maƙwabtanmu Yarbawa ma, wanda suke kira omoluabi ai shi ne mutumin kirkinmu: mai gaskiya, mai kunya, mai girmama na gaba.

A nan Kurmi abin ya fi nauyi. Mai muƙami shi ne fuskarmu a gaban masu masaukinmu, shi ne kuma mai kashe wuta tun tana ƙarama. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021: cacar baki ce ta zama asarar rayuka da dukiya. To, wanda bai iya sauraron nasa cikin ruwan sanyi, yaya zai sasanta mu da wasu ranar da ƙura ta tashi?

Mu ma fa da namu laifin. Mu ne masu "ranka ya daɗe" a gaban ido, mu koma gefe muna zagi. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da muke nema kaɗan ne. A amsa sallama. A ba tsoho wurin zama. A sa ranar ganin jama'a, a kuma cika. In abu ba zai yiwu ba, a faɗi gaskiya, a daina "dawo gobe". Kujerar nan wani ya tashi kafin ka zauna, kuma ranar da ka sauka, cikinmu za ka dawo neman sahu a masallaci.