Ƙarfi, Zuciya da Girman Jiki a Fagen Dambe da Kokawa

Dambe da kokawa wasanni ne na kaka a ƙasar Hausa. Idan an girbe gero da dawa, hatsi ya shiga rumbu, samari sukan fito dandali su gwada ƙwanji, kuma garuruwan noma na kudancin Jigawa, irin su Birnin Kudu da Gwaram, sun gaji wannan al'ada. Dambe ya fi alaƙa da mahauta, kokawa kuwa ta manoma ce. A al'adance babu wanda ake ɗorawa kan sikeli kafin ya shiga fage. Ido ne ke auna wanda ya isa sa'an wani.

A kokawa girman jiki jari ne babba. Mai nauyi yana da wuyar ɗagawa, kuma idan ya saki jikinsa a kan abokin karawa sai numfashin wancan ya ƙare tun kafin a kai ga dabara. Gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, ba ta raba 'yan kokawa bisa nauyi, kuma yawancin waɗanda suka ɗaga takobin ƙarti ne. Duk da haka kaye kan zo ta ƙafa: ɗan siriri mai saurin hannu yakan kama agara ya tuntsurar da ƙato.

Dambe ya bambanta saboda dokarsa. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare a yi duka da shi, ɗayan a miƙa shi gaba domin kariya da auna tazara. Ana yin turmi uku, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa. Tunda ba sai an sumar da mutum ba, naushi ɗaya da ya sauka a muƙamuƙi ya wadatar, ko da daga hannun ƙaramin jiki ya fito. Abin da ya fi ƙiba amfani a nan shi ne tsawon hannu, domin dogo yakan tsare gajere a nesa ya yi ta sakar masa duka daga sama. Shi kuma gajere dole ya kutsa ciki, ya yarda ya sha ɗaya ko biyu kafin nasa ya isa. Bahago ma yana da rata, saboda yawanci an saba da tarar hannun dama.

Batun zuciya ya fi sarƙaƙiya. Komai na fagen an tsara shi ne don ya tunzura: kalangu, kirari, ihun 'yan kallo, da makaɗi mai kiran sunan kakanni. Waƙoƙin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago su ne shahararren misali na yadda baki ke hura wutar jarumta. Kuɗin liƙi ma ga mai kai farmaki suke zuba, shi ya sa ɗan damben da ke afkawa ba ja da baya yakan tashi da aljihu cike ko da an kashe shi. Amma kisa kansa ya fi zuwa hannun mai haƙuri. Wanda fushi ya ɗebe yakan wurga hannu da dukan jikinsa, idan ya kuskure sai ya bar haɓa a buɗe, ƙafafunsa a harɗe. Tsofaffin 'yan dambe suna rarrabe mai zuciya, wanda ke shan duka bai karaya ba, da mai zafin kai, wanda ake jira ya kawo kansa.

Damben Turawa ma ya nuna cewa girman jiki ba shi ne komai ba. Oleksandr Usyk, wanda ya taso daga ajin da ke ƙasa da na masu nauyi, ya doke Anthony Joshua a 2021 da 2022, sannan ya doke Tyson Fury a Riyad a 2024, dukansu kuwa sun fi shi tsawo da nauyi. Sai dai irin wannan ba ta cika faruwa ba, dalilin da ya sa aka raba ajin nauyi ke nan tun farko. Gasannin dambe na zamani da ake ɗauka a bidiyo a Kano da Abuja sun fara bin wannan tsari, a filayen ƙauye kuwa har yanzu iyayen gida da alƙalin wasa ne ke duba ko yaro ya isa ya tari wanda ya zaɓa.