Tsohuwar Zuma a Sabuwar Ƙwarya: Sharhi Kan Tsofaffin Finafinai a Faifan Blu-ray

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. To amma idan mai talla ya juye ta a sabuwar ƙwarya, ya kuma ninka kuɗinta, wajibi ne mai saye ya lasa ya ji ko zumar ce, ko kuwa an sirka ta da ruwan rake. Wannan shi ne halin da masu sha'awar silima suke ciki game da tsofaffin finafinan da ake sake fitarwa a faifai masu tsananin kyawun hoto. Faifai guda na kamfanin Criterion na Amurka yakan kai wajen dala 40 kafin kuɗin aikowa. Tambayar ita ce, shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Da farko ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake sayar masa. Hoton faifan DVD bai wuce ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye ba. Faifan Blu-ray, wanda ya shigo kasuwa a 2006, yana ɗauke da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ninkin na DVD wajen sau biyar. Wani zai ce ina fim na shekara sittin zai sami kyawun da zai cika wannan ma'auni? Amsar ita ce, zaren fim da ake nuna wa iyayenmu a Plaza da El Dorado a Kano ya fi kaset da DVD riƙe hoto nesa ba kusa ba. Kyawun yana nan cikin zaren tun asali, kaset ne ya dushe mana shi. Saboda haka gyara na gaskiya shi ne a koma ga uwar fim, wato ainihin zaren da ya fito daga kyamara, a ɗauki hotunansa ɗaya bayan ɗaya, a share ƙura da karce, a mai da launin da ya koɗe.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Lawrence of Arabia na David Lean, wanda ya fito a 1962, aka ɗauke shi a zare mai faɗin milimita 65. Akwai wurin da Omar Sharif, ɗan wasan nan na Masar, yake tahowa bisa raƙumi daga can ƙarshen hamada. Lean ya shirya wurin ne don mai kallo ya fara hangen wani ɗan baƙin ɗigo cikin kawalwalniya, ya yi ta zuba ido zuciyarsa na ɗar-ɗar, har ɗigon ya zama mutum. A kaset ɗigon nan yakan narke cikin hazo, sai raƙumin ya matso ake ganinsa, fargabar kuwa ta riga ta zube. A faifan da aka fitar a 2012 bayan an sake gyara fim ɗin, ɗigon ya dawo, hikimar mai shirin ta dawo tare da shi. Wanda ya sayi irin wannan bai yi asara ba.

Amma ba kowane mai gyara ne yake da wannan ladabi ba. Zaren fim yana da wani tsaki-tsaki kamar yashi mai laushi, wanda daga sinadarin jikinsa yake, kuma a cikinsa ne ƙananan siffofi suke, kamar gashin gemu da saƙar riga. Wasu kamfanoni suna ɗaukarsa datti, sai su sa kwamfuta ta goge shi. Haka aka yi wa Predator na 1987 a faifan 2010, har fuskokin 'yan wasa suka yi sumul kamar an ƙera su da kakin zuma. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su canza fim ɗin kansa. George Lucas ya yi wa Star Wars na 1977 ƙare-ƙare da kwamfuta a 1997, kuma faifan Blu-ray na 2011 bai ƙunshi fim ɗin yadda aka fara nuna shi ba. Mughal-e-Azam na K. Asif, wanda ya fito a 1960, yawancinsa baƙi da fari ne, amma a 2004 aka shafe shi da launi, aka kuma rage tsawonsa. Mu ɗaliban adabi mun san sunan wannan aiki. Idan mai kwafar tsohuwar waƙa ta ajami ya ga kalmar da ba ta yi masa daɗi ba, ya cire ta ya sa tasa, ba ma ce masa mai gyara, mai ɓarna muke ce masa, komai kyawun rubutunsa kuwa. In an ga dama a sayar da sabon, amma a ajiye na asali kusa da shi, mai kallo ya zaɓa.

Abu na gaba ya shafe mu kai tsaye. Finafinan Hausa na farkon zamanin bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset aka ɗauke su, ba a zare ba. Abin da kyamara ba ta kama ba, babu faifan da zai haifar da shi. Ana iya daidaita launi, a rage ƙugin sauti, kuma adana su wajibi ne, amma duk wanda ya ce zai sayar maka da su da hoto garau kamar na Lawrence, to, romon baka yake yi maka. Haka nan faifan nan na bakin kasuwa mai finafinai ashirin a cunkushe, ko da an rubuta HD a bangonsa da manyan baƙaƙe. Araha ba ta ado.

Duk da haka muna da namu da ya cancanci gyara na gaskiya. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan ya nuna mana inda tsadar take fitowa. Zaren fim ba ya jiran kowa: idan zafi da laima suka kama shi sai ya fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya lalace. Aikin ceto shi na watanni ne, kuma kuɗin masu saye na daga cikin abin da ke ɗaukar nauyinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga ma'aunin da nake ba da shawara. Kafin ka kwance lalitarka, duba bangon faifan: an faɗi daga wane zare aka ɗauko hoton, da wanda ya lura da aikin? An bar fim ɗin da tsawonsa da launinsa na asali? Sannan ka dubi talabijin ɗinka, domin in ƙarama ce, ko ba ka da na'urar da ke karanta faifan, bambancin ba zai kai idonka ba. In waɗannan sun cika, kuma fim ne da za ka riƙa komawa gare shi kamar yadda ake komawa ga littafi mai daraja, saya, kuɗinka bai faɗi a banza ba. In ba su cika ba, riƙe tsohon faifanka, ka bar kaza cikin gashinta. Allah Ya sa mu dace.