Jinjina ga Maƙeran Jirgin Wasa

Duk wanda ya ratsa lungunan Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da kaka, ya tarar da yara suna feƙe karan dawa, suna yanka gwangwani don ƙera mota, lalle ya shaida hikimar da Allah Ya kimsa a zukatan bayinSa. Balle wanda himmarsa ta kai shi ga jirgin ruwa, wanda sai ya daidaita nauyinsa, ya toshe kafofinsa, ya ɗaura masa batir da injin tsohuwar rikoda, ya jure nutsewarsa a kududdufi sau da yawa kafin ya ga tafiyarsa. Haƙiƙa wannan haƙuri shi ne mafarin ilmin ƙira, saboda haka wajibi ne iyaye da malamai su ƙarfafa musu gwiwa.