Tagwayen Siffofin Turanci da Jerin Kalmomi Masu Layi Biyu

A watan Maris na 2025 ne kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya kuma sa Turancin Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa malaman Ingilishi na Tawa da arewacin Adar nauyi babba. Sai dai dabarar da aka gada, wato jera kalmar Ingilishi a hagu da fassararta ta Faransanci a dama, tana da giɓi, kuma giɓin ya fi bayyana wajen siffofi masu kama da juna.

A duba "sensible" da "sensitive". Ta farko tana nufin mai hankali, ta biyu kuwa mai saurin jin abu a rai ko a jiki. Faransanci yana da "sensible" mai rubutu iri ɗaya da ta farko, amma ma'anarta ta biyu ce. Don haka ɗalibin da ya bi ta Faransanci yakan juya su, ya so yabon dattijo da hankali, sai ya kira shi mai saurin jin haushi.

Haka "economic" da "economical": noman albasar Galmi al'amari ne na tattalin arziki, wannan ita ce ta farko, murhu mai cin itace kaɗan kuma yana da tsimi, ita ce ta biyu. Faransanci ya haɗe su cikin kalma guda. Masallacin Yama, wanda Falke Barmu ya soma ginawa a 1962 kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, "historic" ne, domin ya kafa tarihi. Binciken Djibo Hamani kan Adar kafin mulkin mallaka kuwa "historical" ne, domin tarihi ya shafa.

Maganin yana bakin ɗalibai tun daga gida. Yaron Adar yana rarrabe fari na launi da fari na rashin ruwa, da baƙi na launi da baƙin da suka sauka a zaure, ta karin sauti da tsawon wasali, alhali rubutun boko bai nuna su ba. Kunnen da ya saba da wannan ba zai gagara rarrabe ɗafa-ƙeyar Ingilishi ba. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsara jeri mai layi uku, Hausa a tsakiya, kowace siffa cikin cikakkiyar jimla.