Gwanintar Tsamo Tarihi Daga Bakin Dattawa

Mazauna Abuja da yawa sun ɗauka labarin garin ya fara ne a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ware yankin babban birnin tarayya. Alhali sunan aro ne daga garin da yau ake kira Suleja, kuma albarkacin malamai biyu, Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, muke da labarinsa a rubuce.

Da jihadi ya ci Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa har Zuba. Bayan rasuwarsa, ƙanensa Abu Ja ya kafa sabon gari a 1828, garin ya ci sunansa. Tare da mutanen nan tsarin mulkin Haɓe ya yi ƙaura, da Madawaki mai jan rundunar yaƙi, da Galadima, da Wambai, da Dallatu.

Irin wannan tarihi a ƙirjin mutane yake zaune, kuma fito da shi sana'a ce mai ƙa'ida. Marubuci zai durƙusa gaban dattijo ya saurara ba katsalandan, sannan ya nemi wani daga gidan da ke hamayya da na farko, ya gwama maganganunsu. Zai tsince kirarin da maroƙa da makaɗa ke yi wa sarki, domin baki na iya sauya labari, amma kirari da wuya ya sauya. Dattawa ba su riƙe shekara da lamba, sai dai su ce wane ya yi shekara kaza a kan gado. Sai marubuci ya tsaya kan shekarar da ya tabbatar, kamar 1902 da Turawa suka ci garin, ya yi lissafi da baya, sarki bayan sarki.

Da Hausa malaman nan suka rubuta aikinsu, Frank Heath ya mayar da shi Turanci aka buga a 1952. Da shi M. G. Smith ya dogara wajen fayyace mulkin Zazzau kafin jihadi, a littafinsa na 1960. 

Har yanzu akwai dattawan Gbagyi da Koro da Gade a Garki, Karshi, Bwari da Zuba masu riƙe da labarin ƙasar da birnin ya hau kanta. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ku ɗauki alƙalami da na'urar naɗar murya, ku je gare su tun suna raye.