Daurama a hannun baƙi: nazari a kan wasannin na'ura uku

A ɗakunan wasa na Zango da Sabon Gari a birnin Damagaram, abin da aka fi bugawa a PlayStation shi ne ƙwallo. Samari biyu su riƙe linzami, goma su tsaya bayansu suna gardama, in wuta ta ɗauke kowa ya koma fadarsu ya ɗora shayi. Amma akwai wani nau'in wasa da ba ya ƙarewa cikin minti goma, wanda mai bugawa ke shiga rigar wani mutum ya rayu a cikinta makonni. A ƴan shekarun nan uku daga cikin irin waɗannan wasanni sun taɓo tarihin ƙasar Hausa, kuma ya kamata a auna yadda suka taɓo shi.

Na farko shi ne Crusader Kings III, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2020, ya kuma iso PlayStation 5 a 2022. Cikin sarakunan da wasan ke ba da shawarar a fara da su a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura, tare da mijinta Bayajida. Ga ɗan Damagaram wannan labarin gida ne, domin Daura maƙwabciya ce, kuma da wuya a samu yaron da bai ji zancen rijiyar Kusugu ba. Daɗin wasan yana cikin lamarin zuriya. Mai bugawa zai aurar da ƴaƴa, ya nemi ƙawance, ya lallashi ɗan'uwa mai kwaɗayin gado, sannan ya mutu ya ci gaba da wasa a jikin magajinsa. Duk wanda ya san yadda ake neman sarauta zai ga wani abu da ya sani a nan.

Sai dai gidan da aka zaunar da Daurama a ciki ba nata ba ne. An gina wasan a kan tsarin sarautun Turai, inda muƙamai ke hawa bisa juna kamar tsani, aka kuma ba kowane sarki majalisa iri ɗaya daga Ingila har bakin Sahara. Galadima da Madawaki da masu zaɓen sarki, waɗanda su ne ke taka wa sarki birki a ƙasar Hausa, ba su samu gurbin da ya dace da su ba. Bori kuwa an mai da shi addini mai rukunai da ake yaɗawa da takobi, har akwai lambar yabo ga wanda zuriyarsa ta gyara addinin gargajiya ta shimfiɗa shi a dukan Afirka. Bori bai taɓa zama haka ba. Ita ma shekarar 867 ƙiyasin masu wasan ce, domin labarin Bayajida bai zo da kwanan wata ba.

Na biyu shi ne Age of Empires III, wanda a 2021 aka ƙara masa Hausawa da Habashawa, ana kuma buga shi a kwamfuta. A nan an yi aikin kunne da ido. Mayaƙan suna amsa umarni da Hausa, akwai barade masu lifidi, akwai maharban Fulani, shanu kuma dukiya ce da ake juyawa a kasuwa. Mai bugawa da ya ji dakarensa sun amsa masa da harshen uwarsa zai yi murmushi. Aibinsa shi ne ya haɗa zamunna a tukunya ɗaya: Amina ta Zazzau ce shugaba, Kano ce cibiya, alhali yaƙe-yaƙen sun miƙe har zuwa zamanin bindigogin Turawa.

Na uku, Civilization VII na 2025, ya sa Amina cikin shugabannin duniya, ya ba ta ƙarfi a fili da hamada da riba a fatauci. Amma ya raba ta da ƙasarta, ta yadda za a iya ɗora ta a kan Rum ko Sin. An karɓi sunan, an bar Zazzau a baya.

Duk da waɗannan kurakurai, an samu ci gaba. A 2009 Resident Evil 5 ya nuna wani gari na ƙage a Afirka wanda mazaunansa suka zama dodanni, baƙo mai bindiga yana harbinsu, abin da ya jawo masa suka mai yawa. Daga zama abin harbi zuwa zama wanda ake bugawa da sunansa tafiya ce mai nisa. Tambayar da ta rage ita ce wa ke riƙe da alƙalami.

A nan ne Damagaram ke da abin faɗa. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera sun ƙera igwa a cikin gari, ya riƙe ciniki da Tarabulus ta hanyar Agadas, yana kuma lissafin yadda zai zauna da Barno. Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano, a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, shekara guda bayan haka Faransawa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. Wasan shiga riga ba ya buƙatar abin da ya wuce wannan: sarkin da baƙo ɗauke da makami ya sauka a ƙofarsa, dole ya zaɓi karɓa ko kisa, kuma kowane zaɓi yana da farashi. Wasan gaskiya zai kuma nuna bayin da aka kamo aka sayar, waɗanda da guminsu aka gina wani ɓangare na wannan arziki, ya bar mai bugawa ya shiga rigar ɗayansu.

Abin ba mafarki ba ne. A 2016 Kiro'o Games na Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion, wasan shiga riga da aka ƙera a Yawunde. Damagaram tana da Jami'ar André Salifou, tana da maroƙa da dattawan fada da suka riƙe tarihi a ka, tana da samarin da suka san linzami kamar tafin hannunsu. Har zuwa ranar da waɗannan za su zauna a tabarma ɗaya, Crusader Kings III ne ya fi cancantar lokacin mai bugawa cikin ukun, muddin bayan ya ajiye linzami zai je ya tambayi kakarsa yadda ita ta ji labarin Daurama.